NAZARIN LITTAFI MAI TSARKI: Ƙaya a Jiki, Aiki a Hannu

Karatu: 2 Korantiyawa 12:7-10, 1 Sarakuna 19:3-8
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2
Manufa: Mu gane cewa ɓoye ciwo ba bangaskiya ba ce, mu kuma koyi yadda mai bi zai riƙe aikinsa ba tare da ya hallaka jikinsa ba.

Gabatarwa

Tun kafin gari ya waye mazauna Tudun Ƙofa da sauran unguwannin Keffi sukan fito neman abinci. Wasu su nufi kasuwa, wasu makaranta, wasu kuma su shiga mota su bi ta Masaka da Mararaba zuwa ofisoshin Abuja. A cikinsu akwai waɗanda suka kwana ba su runtsa ba saboda ciwon baya, ko sanyin ƙashi, ko ciwon sikila. Idan ciwo ya wuce wata 3 bai tafi ba, likitoci sukan kira shi ciwo mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya, Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Irin wannan ciwo ba ya fitowa a fuska, shi ya sa akan ce da mai shi rago, shi kuma ya yi shiru don kada a kore shi.

1. Ciwo ba shaidar zunubi ba ne

Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya raba shi da ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ta ba, amma an ba shi alherin da zai ɗauke ta. Mu tuna Bulus ma'aikaci ne, da ɗinkin tanti yake ci da kansa (Ayyukan Manzanni 18:3). Bai kuma ɓoye halinsa ba, gama ya tuna wa Galatiyawa cewa rashin lafiya ne ya sa ya fara yi musu wa'azi (Galatiyawa 4:13-14). Saboda haka kada mu ce wa ɗan'uwa bangaskiyarsa ce ta kasa. Yesu ma ya ƙi irin wannan hukunci a kan mutumin da aka haifa makaho (Yahaya 9:1-3).

2. Allah yana kula da jikin mai gajiya

Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, sa'an nan ya tashe shi tafiya. Babban kuskuren mai ciwo shi ne, ranar da ya ji dama-dama sai ya yi aikin kwana uku, kashegari ya kasa tashi. Gara ka raba aikin gunduwa-gunduwa, ka huta tun ciwon bai tsananta ba. Tela ko magatakarda ya riƙa miƙewa yana 'yar tafiya. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya guji sanyi da aikin ƙarfi, ya kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yakan tayar da ciwon. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Neman likita ba rashin dogara ba ne

Bulus ya ba Timoti shawara game da ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23), Luka abokin tafiyarsa kuwa likita ne. Gajiyar da ba ta wucewa tana iya zama alamar ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko ciwon hanta, ko damuwar zuciya, sai gwaji ne zai nuna. A nan Keffi muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Mu yi hattara da sayen ƙwayoyi a kemis ba da izinin likita ba. Yawan shan Diclofenac ko Ibuprofen yakan jawo gyambon ciki ya lalata ƙoda, Tramadol kuwa yakan kama mutum har ya kasa aiki in bai sha ba.

4. Faɗi gaskiya a wurin aiki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka sami shugabanka cikin ladabi, da takardar likita a hannu. Ka faɗi abin da kake iyawa, sa'an nan ka roƙi abu takamaimai: kujera mai jingina, canjin lokacin aiki, ko ranar zuwa asibiti. Wanda ya yi shiru ya bar wa shugaba zato, zaton kuwa yawanci lalaci ne. Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, Kolosiyawa 4:1 tana tuna muku cewa akwai Maigida a bisanku.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata da matasa su san masu fama a cikinsu, su taimaka da kuɗin magani, su kuma daina ganin laifin wanda ya kasa zuwa addu'ar dare bayan wunin aiki.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Allah bai cire ƙayar Bulus ba?
2. Wane abu ne yake hana ma'aikaci faɗin ciwonsa?
3. Wa za mu ɗauke wa nauyi a wannan mako, ta wace hanya kuma?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ƙarfafa bayinka masu aiki cikin ciwo, ka ba mu idon ganinsu da hannun taimakonsu, cikin sunan Yesu. Amin.