Mazari, Lambu da Littafi: Darasi a kan Sa'o'in da Suka Rage Maka

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko namiji ko tamata, akwai dukiya guda wadda Allah ya raba wa sarki da talaka daidai wa daida, ita ce sa'o'in yini. Waɗansu na neman abinci ne, waɗansu na barci. Amma akwai saura, wato maraice bayan an tashi aiki, da watannin rani bayan an kai hatsi rumbu. A kan wannan saura darasin nan ya ke magana, gama ba safai mutum ya kan lalace a bakin aikinsa ba. A wurin zaman banza ne tsegumi da caca da cin bashi su kan same shi, a zamanin nan kuwa wayar hannu ta kan cinye maraice ɗungum, mutum ya tashi ba abin da ya ƙaru da shi. Ga ayyuka uku da su ke iya cika sa'o'in nan da albarka. Halinsu ɗaya ne, kaɗan kaɗan a ke yinsu, kullayaumin.

I. KAƊI

A ƙasar Isra'ila ta dā mata suna kaɗa ulu, wato gashin tumaki, da lilin. Cikin Littafin Misalai, sura 31, an yabi mace mai kirki domin ta kan nemi ulu da lilin ta kama mazari, har ta suturta iyalinta, ta kuma miƙa hannu ga matalauta. Cikin Fitowa, sura 35, mata masu gwaninta ne suka kaɗa zare da gashin awaki domin alfarwa ta sujada. Ka ga fa, aikin da a ke yi a zaune a tsakar gida ya shiga har cikin wuri mai tsarki.

Tumakin ƙasarmu, da Uda da Balami da 'Yankasa, ba su da ulu, sai gashi gajere. Saboda haka auduga ce kakanninmu mata suka kaɗa. Sai a gurje ta a fid da angurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, kana mai kaɗi ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, tana jawo auduga a hankali. Da haka a ke samun zare siriri mai ƙarfi, da abawa mai kauri, a kai wa masaƙa. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a shekara ta 1851, ya tarar tufafin Kano suna kai wa har Tumbutu da Tarabulus. Dukan wannan ciniki kuwa daga bakin mazarin mata ya faro. Yau zaren inji ya rinjaya, masu kaɗi sun yi ƙaranci; kadan akwai tsohuwa a unguwarku da ta iya, ki je ki koya, ya 'yar'uwa, tun tana da rai. Wadda ba ta sami mazari ba, allura da ƙwarashi suna nan.

Ka lura da asirin zare. Silin auduga guda bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, ɗan yaro ma ya iya tsinka shi. Murzawa ce ta ke haɗa gajeru da gajeru har su zama dogon abu mai ƙarfi. Kadan mai kaɗi ta yi garaje, zaren ya kan fito wani wuri kauri, wani wuri siriri, a wurin siririn kuwa ya ke tsinkewa. Hakanan halin mai bi ya ke. Ƙananan ayyukan aminci na kowace rana su ke haɗuwa su zama hali, ranar da aka yi sakaci kuwa, nan ne jarraba ta kan kama. Ka tuna da Dokas ta Yafa, cikin Ayyukan Manzanni, sura 9: da ta mutu, riguna da ta ɗinka su ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka.

II. LAMBU

Aikin fari da aka ba mutum, tun bai yi zunubi ba, shi ne ya nome gonar Adnin ya kiyaye ta, kamar yadda Farawa, sura 2, ta nuna. Saboda haka kada kowa ya ce taɓa ƙasa ƙasƙanci ne gare shi, ko da malami ne ko ma'aikacin gwamnati.

Ba lallai sai kana da fadama ba. Ɗan fili a bayan ɗaki ya isa, in ka kewaye shi da ƙaya ko zana saboda awaki. Ka zuba takin da ya ruɓe, gama ɗanyen taki ya kan ƙone tsiro. Ka yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin na tsakar rana ya kan bushe tun bai kai saiwa ba. Alayyafo ya kan isa yanka cikin wata guda ko kusa da haka, kuɓewa ta kan soma 'ya'ya wajen wata biyu, zogale kuwa reshensa kawai za ka kafa ya kama. Gidan da ya ke da waɗannan ba ya rasa miya, yara su sami ganye, har a aika wa maƙwabci.

Lambu ba ya karɓar uzuri. Kadan ka hana shi ruwa kwana bakwai cikin rani, ba ka iya biyan bashin da tulu bakwai rana guda. Ciyawa kuma tun tana ƙarama a ke cire ta. Mai hikima ya ratsa ta gonar rago, cikin Misalai, sura 24, ya ga ƙayayuwa sun rufe ta, katangarta ta rushe. Ba wata babbar masifa ta jawo haka ba, sai ɗan barci bisa ɗan barci.

III. KARATU

Na uku shi ne mafi girma, domin na farin nan biyu jiki su ke yi wa hidima, wannan kuwa rai. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a shekara ta 1932, bayan wahalar shekaru da yawa ta Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Abin da waɗansu suka ba da ƙarfinsu domin ka samu, ya kamata ya kwanta a akwati ƙura ta rufe shi?

Littattafai 66 ne a ciki, surori 1,189. Wanda ya karanta sura uku kowace rana, biyar ran Lahadi, ya gama duka cikin shekara guda. Amma in kai sabon shiga ne, kada ka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinka. Ka soma da Bisharar Markus, surori 16 kaɗai, ko Misalai, mai surori 31, ɗaya domin kowace ranar wata. Ka tsai da sa'a guda wadda ba ta sākewa, kamar sa'ar ban ruwa. Ka yi addu'a tukuna, ka karanta a hankali, ka tambayi kanka abin da wurin ya koya maka a kan Allah, da abin da za ka yi yau saboda shi. Kadan akwai wanda bai iya karatu ba a gidanka, ka karanta da murya domin ya ji. An yabi mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni, sura 17, domin kowace rana suna bincike cikin Littattafai.

Gargaɗi guda ya rage. Aikin hannu ba ya sayen ceto, kada kuma ya cinye sa'ar karatu. Marta ta shagala da hidima mai kyau, amma Maryamu wadda ta zauna tana sauraro ita Ubangiji Yesu ya yaba, kamar yadda a ke gani cikin Luka, sura 10. Ka fara da Littafi, kana ka kama tulu ko mazari, kana juya abin da ka karanta cikin zuciyarka.

TAMBAYOYI

1. Sa'o'in da suka rage maka jiya, ina suka tafi?
2. Wane ne a unguwarku zai amfana da aikin hannunka bana?
3. Wace sa'a ka tsayar domin karatu, da wane littafi za ka soma gobe?

ADDU'A

Ya Ubangiji, kai da ka ba mu hannuwa da kwanaki, ka tsare mu daga ragonci. Ka sa mu zama amintattu cikin ƙanƙanen abu kowace rana, Maganarka kuma ta yi saiwa a cikinmu, domin Yesu Almasihu. Amin.