Shawarwari 12 Ga Mai Son Haɗa Sulken Roba A Gida

Duk wanda ya kalli fim ɗin Star Wars ya san fararen sojojin nan da ake kira Stormtrooper, masu sanye da sulke tun daga ka har ƙafa. A shekarar 1977 fim ɗin Star Wars na farko, na George Lucas, ya fito da su, kuma a Ingila aka ƙera kayan nasu. Yadda aka yi shi ne, a gasa faifan roba har ya yi laushi, a shimfiɗa shi a kan siffar da aka sassaƙa, sannan a zuƙe iskar da ke tsakani, robar ta kama siffar tsaf. Har yau da wannan dabara ake buga sulken da masu sha'awa ke saya.

A 1997 wani Ba'amurke mai suna Albin Johnson ya kafa ƙungiyar 501st Legion a jihar Karolina ta Kudu. 'Ya'yanta su ne ke haɗa kayansu da hannunsu, su sa su je asibitocin yara da tarukan neman taimako. Ingancin aikinsu ya kai har aka gayyaci wasunsu suka fito a shirin The Mandalorian na 2019. A Najeriya ma ana ganin masu irin wannan shiga a taron Lagos Comic Con.

Sai dai wanda ya yi oda ya sani cewa ba riga ce za a aiko masa ya zura ba. Ƙaton kwali ne zai iso, cike da ɓarin roba da ba a datse ba, ba a manne ba. Aikin duka yana wuyansa, kuma sirrinsa ɗaya ne: a sa sulke ya bi jikin mai shi, a kuma rage roba kaɗan-kaɗan, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Ga shawarwarin da za su taimaki gidan da aka shiga wannan aiki.

1. A san irin robar kafin a biya kuɗi

Roba iri biyu aka fi amfani da su. Wadda ake kira ABS tana da ƙwari da sheƙi, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, kuma yawanci ba ta buƙatar fenti. Wadda ake kira HIPS ta fi araha, ta fi sauƙin yanka, amma ta fi saurin tsagewa, kuma galibi sai an fesa mata fenti kafin ta yi kyau. Mai niyyar sa kayan akai-akai ya zaɓi ABS. A tambayi mai sayarwa kaurin robar, da tsayi da faɗin jikin da ya auna ya buga kayan, domin sulken asali an yi shi ne daidai siririn mutum mai matsakaicin tsayi. A guji masu kwafar kayan wani su sayar da araha: zanen jikin nasu yakan dushe, robar kuma ta yi shara-shara a kusurwoyi. A lissafa kuɗin dako da na kwastan tun farko, don kwalin babba ne.

2. Ranar da kwali ya iso, kada a taɓa wuƙa

A shimfiɗa tabarma ko tsohon bargo a baje kayan duka. A ƙirga: kwalkwali, ƙirji, baya, ciki, ƙugu, mazaunai, kafaɗu, damatsa, hannaye, cinyoyi, ƙwauri da bel. Kowace gaɓa ta hannu da ƙafa ɓari biyu ne, kuma na hagu da na dama sun yi kama sosai. A liƙa farin salatif a cikin kowanne a rubuta sunansa da ɓangarensa. Idan akwai abin da ya ɓace ko ya fashe a hanya, a ɗauki hotonsa a tura wa mai sayarwa a ranar. Ledar da ke manne a bayan robar a bar ta har a gama aiki, tana kare ta daga ƙarzuwa.

3. A tanadi kayan aiki wuri ɗaya

Ba a buƙatar injin kafinta. Abin da ake so shi ne wuƙa mai kaifi irin ta yankan kwali, ƙaramin almakashi mai ƙarfi, rula ta ƙarfe, fensir, tef ɗin awo na tela, samfefa mai kaushi da mai laushi, ƙananan matsai, ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, lastik mai faɗi, igiyar nailan irin ta jakar makaranta, maɓallan ƙarfe na dannawa, da Velcro. Da fensir za a riƙa yin alama, domin tawadar maka takan shiga jikin farar roba ta ƙi fita.

4. A fara sa kayan ciki kafin a ɗauki awo

A ƙarƙashin sulken ana sa baƙar riga da baƙin wando masu kama jiki, da baƙar safar hannu, da farin takalmi mai rufe idon sawu. Da su a jiki za a yi kowane gwaji. Wanda ya auna ƙwaurinsa ba takalmi zai gama aiki ya tarar bakin sulken ya ƙi hawa kan takalmin. A auna cinya a tsaye, a sake aunawa an ɗan durƙusa. A auna damtse an miƙe hannu, a sake aunawa an tanƙwara shi, domin tsoka tana kumbura idan ta motsa.

5. A gwada da salatif, sannan a yanka

Nan ne mafi yawan sababbin shiga ke yin asara. Kafin a datse komai, a haɗa ɓari biyu a jikin mai kayan, a naɗe su da salatif, a bar gefe ɗaya ya hau kan ɗaya. Ya ɗaga hannu, ya taɓa fuskarsa, ya yi tafiya, ya hau matakala. Inda ya matse ko ya cije fata a yi alama. A bar sararin da yatsa zai iya shiga tsakanin roba da jiki. Daga nan a ja layin yanka, a kuma yanka nesa da layin da 'yan milimitoci, a sake gwadawa, a rage saura da samfefa. Tela ma idan zai yanka shaddar Sallah yakan bar rara a gefe, don ya san ragewa tana da sauƙi, ƙari ne ke da wuya. Idan an rage faɗin cinya ko ƙwauri, a raba ragin daidai tsakanin ɓari biyun, kuma a fi ragewa ta baya, inda ido ba ya yawan kaiwa, don layin gaba ya tsaya a tsakiya.

6. A koyi yankan ja-ka-karya

Roba mai kauri ba a dannata da ƙarfi a ce sai wuƙa ta ratsa. A aza rula, a ja wuƙa a hankali sau uku ko huɗu a kan layi ɗaya, sannan a tanƙwara robar baya. Za ta ɓalle tas a kan layin. Inda ake da lanƙwasa a yi amfani da almakashi. A riƙa jan wuƙa nesa da jiki da yatsu. A fara koyo da ragowar gefen da za a zubar, sannan a soma da damatsa ko hannaye, waɗanda kuskurensu ba ya fitowa fili. Kwalkwali da ƙirji su jira sai hannu ya faɗa. Kowane baki da zai taɓa fata, musamman wuyan hannu, bayan gwiwa da saman cinya, a goge shi da samfefa har ya yi sumul. Ragowar robar kuwa kada a zubar, akwai ranarta.

7. A zaɓi gam mai yafiya

Masu wannan aiki sun fi yarda da gam mai suna E6000. Ba ya kamawa nan take, yana son awa 24 zuwa 72 kafin ya bushe sosai, amma bayan ya bushe yana talewa tare da roba, kuma idan an yi kuskure ana iya ɓamɓare shi a sake. Sufa gulu yana kamawa cikin daƙiƙu, ba ya ba da damar gyara, kuma yana barin farin tabo. Yadda ake haɗin shi ne, a gama bakin ɓari biyu daidai, a ɗora siririn yankin roba a kan haɗin. A sulken fim ɗin 1977, faɗin wannan yanki da aka saba bi shi ne milimita 15 a hannu, 20 a cinya da gaban ƙwauri, 25 a bayan ƙwauri. A ɗan kankare wurin da samfefa, a shafa gam siriri, a danne bakunan biyu da matsai, a jera maganaɗisu ciki da waje a tsakiya, a ajiye har gobe. Haɗi ɗaya a rana ya isa. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan ƙwauri kuma ba a manne shi, Velcro ake sawa don ƙafa ta samu hanyar shiga.

8. A lanƙwasa da ruwan zafi

Wani lokaci ɓari biyu kan ƙi haɗuwa, ko ƙwauri ya buɗe baki ta baya. Robar ABS tana fara sakin jiki ne a wajen digiri 105 na ma'aunin Selshiyos, don haka tafasasshen ruwa yana tausasa ta a hankali ba tare da ya narkar da ita ba. A ɗaure gaɓar a siffar da ake so, a tsoma ta a babbar tukunya na ɗan lokaci, a fitar a zuba mata ruwan sanyi. Idan ba ta ji ba a maimaita. Kada a kusanta ta da garwashi ko risho: wuri ɗaya zai narke ya yamutse, kuma wannan ba shi da gyara.

9. Ƙarami aka yi ko babba, akwai mafita

Mai jiki zai tarar da giɓi tsakanin ciki da ƙugu. A yanko faifan roba mai launi ɗaya a cike giɓin, a tallafe shi da wani yanki ta ciki. Don ɓatar da layin haɗin, a yayyanka ragowar ABS ƙanana a kwalbar gilashi, a zuba ruwan asiton, a rufe har ya narke ya zama kamar man goge baki. A shafa, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi. Siriri kuwa ya liƙa soso a cikin gaɓoɓin don kada su riƙa juyawa. Gajere ya rage tsayin cinya ta sama, yana bin siffar bakin yadda take.

10. Rataya ita ce ke riƙe kayan

Komai kyan manni, idan ratayar ciki ba ta yi ba, cinyoyi za su zamo, kafaɗu su karkace. Ƙirji da baya suna haɗuwa ta kafaɗa, cinyoyi suna rataye a bel ɗin ciki, kafaɗu suna riƙe damatsa. Inda jiki ke motsi a sa lastik, inda ake son tsayuwa a sa igiyar nailan. Kada a manna maɓallin ƙarfe kai tsaye a jikin sulke. A dasa shi a ɗan yankin nailan ko roba, sannan a manna yankin. A wuraren da ke ɗaukar nauyi a sa maɓalli bibbiyu. Ɗinkin lastik ɗin kuwa, telan unguwa zai gama shi cikin ɗan lokaci.

11. A kula da lafiyar mutanen gida

Wannan ya fi kyan kayan muhimmanci. Gam da asiton da fentin feshi duk suna da tururi mai hawa kai, don haka a tsakar gida ko baranda za a yi aikin, a sa takunkumi. Asiton yana kama wuta da sauri, kada a buɗe shi kusa da madafa ko janareta. Sufa gulu idan ya zuba a kan auduga yana yin zafi har ya ƙona fata, don haka ba a riƙe shi da safar auduga. Ƙananan maganaɗisun nan su ne babban haɗari ga yara: idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta jikin hanji su huda shi. A ƙirga su kafin aiki da bayansa, a kulle su tare da wuƙaƙe. Idan ana zaton yaro ya haɗiye, a garzaya asibiti ko da bai nuna ciwo ba. Yaron da ya dage yana son nasa sulken, a yi masa da soson tabarmar motsa jiki, ya fi sauƙi kuma ba ya yanka.

12. A yi shirin zafi da ƙarancin gani

Kwalkwalin yana toshe gani ta ƙasa da ta gefe. A fim ɗin 1977 ma akwai wurin da wani soja ya buga kansa a saman ƙofa, kuma yana nan a fim ɗin har yau. A liƙa soso a ciki yadda idanu za su yi daidai da gilashin, a sa ƙananan fankoki masu aiki da batir don rage gumi da hazo. A yankinmu, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, sa roba a kan baƙaƙen kaya da tsakar rana ganganci ne. A sha ruwa sosai, a riƙa cire kwalkwali ana hutawa, da an ji jiri a tuɓe. A tafi da ɗan rakiya, domin mai sulke ba ya iya zama da kyau, ba ya iya ɗaukar abin da ya faɗi, ba ya ganin yaron da ke gabansa. Kada a fita titi da fuska a rufe ko da bindigar wasa a hannu. A sa kayan a wurin taro, da sanin masu taron da jami'an tsaro.

Bayan an dawo, a goge cikin sulken da tsumma mai ɗanshi da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa. Hasken rana yana mayar da farar ABS ruwan ɗorawa, zafin cikin mota kuma yana karkatar da ita ya saki mannin Velcro. A naɗe kowace gaɓa da tsohon zane, a ajiye a akwati mai murfi. Idan tsaga ta bayyana, a huda ɗan rami a ƙarshenta don ta tsaya, a manna ragowar roba ta ciki.

Mai karatu, idan kwalinka ya iso, ka ba aikin makonni, ka jawo iyalinka su taya ka awo da riƙo, ka kuma kulle kayan haɗari daga hannun yara. Ka gwada kafin ka yanka, ka jira gam ya bushe kafin ka sa. Wanda ya kiyaye waɗannan zai samu sulken da zai yi shekaru yana sawa ba tare da ya ji masa ciwo ba.