Hadarin Bodinga da Guguwar Amurka Gida Ɗaya Suka Fito

A farkon daminar bara, ina gida Bodinga hutu, iska ta yaye rufin ɗakin Innarmu. Bayan la'asar ne, gari ya yi tsit, zafi kamar a bakin tanda. Can sai gabas ta yi ja, ta koma baƙi ƙirin. Inna ta leƙo ta ce, "Ku kwashe shanya, ku kamo awaki, ga ta nan tahe!" Ba mu gama ɗaure awakin ba wata iska mai sanyi ta buso da ƙura, muka ji ƙara, sai ga kwano da katakonsa sun tashi sun dira a gonar maƙwabci. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma ruwa ya jiƙa buhunan gero biyu da muke lallaɓawa su kai mu kaka.

Da dare Baba ya dube ni ya ce, "Kai da ka karatun boko, gaya min. Yini guda iska daga yamma take busowa, mi ya sa hadari kullum daga gabas yaka hitowa?" Wallahi na yi shiru. Da na dawo makaranta sai na duƙufa a kan tambayar, kuma abin da na samo shi ne nake so mu yi bitarsa tare, 'yan uwana ɗalibai.

Mu fara da matsin iska. Iskar da ke kanmu tana da nauyi, tana danna ƙasa da duk abin da ke kanta, kuma a bakin teku awon wannan dannawa yakan kai miliba 1013. In wuri ya yi zafi, iskarsa takan yi sakayau ta tashi sama, sai matsin wurin ya ragu, iskar kewaye ta kwararo ta cike gurbin. Kun san yadda ledar ruwa ke lotsewa in ka zuƙe ta? To, haka iskar waje ke turowa zuwa duk inda matsi ya yi ƙasa. Da bazara Hamadar Sahara takan yi zafi ƙwarai, sai ta zama wani makeken wuri mai ƙarancin matsi, ta riƙa jawo iska mai laima daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Iskar da Baba yake ji a jikinsa ke nan, kuma ita ce ke kawo mana tururin da zai zama ruwa.

Amma wannan iska ta ƙasa ce kawai. In ka hau sama kamar kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafin hamada da sanyin gaɓar tekun Gini ne ke haifar da ita. Gajimaren hadari dogo ne, kansa yakan wuce kilomita 12, saboda haka iskar sama ce ke jan akalarsa. Amsar Baba ke nan: ruwan daga kudu maso yamma ake ɗebo shi, amma mai tuƙa motar daga gabas yake.

Wannan iska ta sama ba a miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Kowace lanƙwasa wani kwari ne na ƙarancin matsi, wanda masana ke kira igiyar gabas ta Afirka. Yawancinsu suna tasowa ne daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur ta Sudan, su ratso Chadi, su bi ta kan ƙasar Hausa, su wuce Mali da Senegal. Duk kwana 3 zuwa 5 sai wata ta wuce, kuma a shekara akan sami kusan 60. Ku tuna yadda manoma ke cewa ruwa ya yi fashin kwana uku ko huɗu sannan ya dawo. Sau da yawa sawun waɗannan igiyoyi ne suke ƙirgawa ba su sani ba.

Daga Sakkwato zuwa Dakar kusan kilomita 2,400 ne a miƙe, igiyar takan cinye su cikin kwana huɗu ko makamancin haka, sai ta faɗa teku. A nan labari ke canzawa. A tudu hadari yakan zubar da ruwansa ya mutu, don abincinsa ya ƙare. A teku kuwa, in zafin ruwan ya kai digiri 26 da rabi, tururi ba ya yankewa. Tururin ya tashi, ya daskare ya zama gajimare, ya saki zafi, zafin ya ƙara ɗaga iska, matsi ya ƙara faɗuwa, sabuwar iska ta ƙara kwararowa. Juyawar duniya kuma ta karkatar da iskar, maimakon ta shiga tsakiya kai tsaye sai ta riƙa kewayawa. In gudunta ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. In ya kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa, irin wadda muke ji a rediyo ta afka wa Amurka.

Ga misali. Guguwar Irma ta 2017 igiya ce da ta bar gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen watan Agusta. Ranar 30 ga watan ta sami suna a kusa da tsibiran Kef Bad, ranar 6 ga Satumba ta ragargaza tsibirin Barbuda, ranar 10 ta isa Fulorida. Ita kuwa Fred ta 2015 ba ta ma yi nisa ba, tsibiran Kef Bad ɗin ta daka a ƙarshen Agusta, igiyar ruwanta ta yi ɓarna a gaɓar Senegal. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atilantika daga irin waɗannan igiyoyi namu suke farawa. Shi ya sa cibiyar lura da guguwa da ke Mayami ba ta ɗauke ido daga hotunan tauraron ɗan adam na sararinmu tun daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba. Abin ya ba ni dariya da na gane: muna nan muna addu'ar Allah ya ƙaro marka a watan Agusta, wani bature a can yana kallon gajimaren nan namu gabansa na faɗuwa. Mafi yawan igiyoyin dai mutuwa suke yi a hanya, busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ita ce babbar mai shaƙe su.

Wani abokina ya tambaye ni, to me ya sa ba ta faɗa wa Legas? Tekun Legas ya yi kusa da tsakiyar duniya, inda ƙarfin karkatarwar nan ba shi da yawa, kuma hanyar igiyoyin yamma ta nufa, tana barin Legas a baya.

Mu dawo kan rufin Inna, don a nan ne darasin ya shafe mu kai tsaye. Sanyin nan da ke riga ruwa isowa, daga cikin gajimaren yake fitowa. Ruwan da ke zubowa yakan ratsa busasshiyar iska, wani ɓangarensa ya koma tururi, iskar ta yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta rikito ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba, ta kwashi ƙura. A watan Mayu da Yuni ta fi muni, saboda ƙasa a bushe take, sama ma da sauran bushewa. In ka ji sanyin nan, 'yan mintoci suka rage maka.

Kuma ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Iskar da ke gudu a kan kwano takan rage matsin samansa, in kuma ƙofa ko taga ta gabas a buɗe take, sai iska ta cika ɗakin ta turo daga ciki. Ranar nan ƙofar Inna a buɗe take, kuma katakon ɗora shi kawai aka yi a kan bulo, aka danne da duwatsu. Iska ta iske kaba na rawa. 'Yan sashen gine-gine, wannan naku ne: katakon rufi sai an ɗaure shi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin bango. Da muka sake rufin haka na sa kafinta ya yi, yana ta ƙunƙuni wai ɗan makaranta zai koya masa aiki.

Masu shiga kwalekwale a ruwan Shagari kuma, ga awon da ba ya buƙatar na'ura. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, hadarin bai kai nisan kilomita 10 ba, kuma iskarsa tana gabansa, to a nemi gaɓa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen kwana uku-uku, ana samunsa a waya, ku riƙa dubawa kuna gaya wa na gida.

Da na koma hutun ƙarshen zango na zauna na yi wa Baba bayanin iskar ƙasa da iskar sama. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, wanga na ji shi. Saura ka gano min ranar da za a yi ruwan shuka."