Baƙin Ƙuda da Cutar Makantar Kogi

1.0 Gabatarwa

Babu ƙasar da manomi yake ƙauna kamar ta bakin kogi, domin a nan ne ake samun fadama, a yi noman rani, a yi su, a kuma shayar da dabbobi. Duk da haka, a cikin ƙarnin da ya gabata an sami ƙauyuka da dama a Afirka ta Yamma waɗanda mutanensu suka tashi suka bar irin wannan ƙasa mai albarka, suka koma kan tudu. An ga haka a kwarin kogin Bolta na Burkina Faso da arewacin Gana, haka kuma a kwarin kogin Hawul da ke tsakanin jihohin Barno da Adamawa. Abin da ya kore su shi ne makanta, wadda take kama magidanta tun suna da sauran ƙarfinsu. Wannan darasi zai yi bayanin musabbabin wannan cuta, da yadda take yaɗuwa, da illolinta, da matakan da aka ɗauka a kanta, sannan da rawar da malamin makaranta zai taka wajen kawar da ita.

2.0 Ma'anar Makantar Kogi

Makantar kogi cuta ce da wata tsutsa mai suna Onchocerca volvulus take haddasawa a jikin ɗan Adam. Likitoci suna kiran cutar onkosakayasis. An danganta ta da kogi ne saboda ƙudan da yake ɗaukar tsutsar ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da ƙarfi. Wajibi ne ɗalibi ya bambanta ta da dundumi, wanda sau da yawa ƙarancin wani sinadari a cikin abinci yake kawowa, da kuma yanar ido wadda ake iya cirewa ta hanyar tiyata. Makantar da wannan tsutsa ta jawo, idan ta riga ta tabbata, ba ta warkewa. Fiye da kashi 99 cikin 100 na masu ɗauke da cutar a nahiyar Afirka suke, ragowar kuma suna Yaman da wani yanki na iyakar Barazil da Benezuwela.

3.0 Baƙin Ƙuda da Yadda Cutar Take Yaɗuwa

Baƙin ƙuda, wanda masana suke kira Simulium, ɗan ƙanƙane ne mai ƙusumbi, tsawonsa bai kai na ƙwayar shinkafa ba. Ya bambanta da ƙudan tsando mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Ya kuma bambanta da sauro ta hanyoyi biyu: sauro a ruwan kwance yake hayayyafa, shi kuwa a ruwa mai gudu, inda macen take manna ƙwayayenta a jikin duwatsu da ciyayi, sauron zazzaɓi da dare yake cizo a cikin ɗaki, shi kuwa da rana yake cizo a fili. Wannan ne ya sa gidan sauro ba ya kare mutum daga gare shi, kuma manoma da masunta da mata masu wanki a rafi su ne suka fi shan cizonsa.

Macen ƙudan ce kaɗai take shan jini. Idan ta ciji mai ɗauke da cutar, sai ta kwashi 'ya'yan tsutsar da suke cikin fatarsa. A cikin jikinta za su yi kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma suna rikiɗa, har su kai matakin da za su iya kama wani mutum. Da zarar ta sake cizo, sai su shiga ta wurin raunin. A jikin mutum kuwa sukan ɗauki kimanin shekara guda kafin su balaga, sa'an nan su dunƙule a ƙarƙashin fata su zama wani ƙululu mai tauri, galibi a ƙugu ko haƙarƙari ko gwiwa. Tsawon macen tsutsar yakan kai santimita 50, alhali namijin ba ya wuce santimita 5. Takan rayu shekara 10 zuwa 15, tana haifar 'ya'ya da suke iya kai dubu a kowace rana, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa cutar ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum ta hanyar gaisawa, ko cin abinci tare, ko shan ruwan kogin. Ba kuma gado ba ce, ba sammu ba. Dole sai ƙudan ya shiga tsakani, kuma cizo ɗaya ba ya makantarwa, sai wanda aka daɗe ana sha shekara da shekaru.

4.0 Illolin Cutar ga Ɗan Adam

Ba manyan tsutsotsin ne suke yin ɓarnar ba, 'ya'yansu ne. Sukan bazu a cikin fata har su shiga ido, kuma duk inda suka mutu sai jiki ya tayar da kumburi. Illolin sun haɗa da:

(a) Ƙaiƙayi mai tsanani wanda yake hana barci da aiki, har mutum ya riƙa susa da dutse ko tsinke ya ji wa kansa rauni.

(b) Lalacewar fata, watau ta yi kaushi da tamoji kamar ta tsoho, ko kuma ƙwauri ya yi dabbare-dabbare kamar fatar damisa.

(c) Raunin gani, wanda yake farawa da jan ido da hawaye da ƙin haske, ya bi sannu a hankali har gani ya ɗauke gaba ɗaya.

(d) Farfaɗiya, wadda bincike ya nuna tana yawaita ga yara a yankunan da cutar ta yi katutu.

Bayan waɗannan akwai illar da ta shafi malami kai tsaye. Duk magidancin da ya makance yana buƙatar ɗan jagora, kuma yaron da ya riƙe sandar mahaifinsa ya bar aji ke nan. Ta haka cuta ɗaya take raba uba da gonarsa, ta raba ɗa da karatunsa.

5.0 Yaƙi da Cutar

A shekarar 1926 ne wani masani mai suna Donald Blacklock ya tabbatar a ƙasar Saliyo cewa baƙin ƙuda ne yake yaɗa tsutsar. Babban yunƙuri na farko ya zo a 1974, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin feshin magani a koguna da jiragen sama domin kashe 'ya'yan ƙudan. An fara da ƙasashe 7, ciki har da Nijar da Gana, daga baya suka kai 11. Kafin a rufe shirin a 2002, hukumar ta ƙiyasta cewa an tsirar da mutum 600,000 daga makanta.

Mataki na biyu shi ne samuwar maganin ibamektin, wanda binciken Satoshi Omura na Japan da William Campbell ya haifar, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2015. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da shi kyauta da sunan Mectizan, muddin ana buƙatarsa. Daga 1995 zuwa 2015 an gudanar da wani shiri wanda ya haɗa da Nijeriya, inda mutanen ƙauye da kansu suke zaɓar masu raba maganin. Da sandar awo ake duba tsayin mutum a ba shi ƙwaya 1 zuwa 4. Ba a ba yaron da tsayinsa bai kai santimita 90 ba, ko mai juna biyu, ko wanda ciwo ya kwantar.

A nan ne babban darasin yake. Ibamektin yana kashe 'ya'yan tsutsar, amma ba ya kashe iyayen. Don haka sai jama'ar gari sun riƙa sha aƙalla sau ɗaya a shekara, har tsawon shekara 12 zuwa 15, wato har iyayen su mutu don kansu. Inda aka jure an ga amfani. Kolombiya ta rabu da cutar a 2013, Ekwado a 2014, Meziko a 2015, Gwatamala a 2016. A Nijeriya an dakatar da rabon maganin a jihohin Filato da Nasarawa a 2018 bayan an tabbatar yaɗuwar cutar ta tsaya. A watan Janairu na 2025 kuma Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da ita.

6.0 Rawar da Malami Zai Taka

Babbar matsalar shirin ita ce gajiya. Mutum yakan sha magani shekara biyu ko uku, ƙaiƙayi ya lafa, sai ya ga ya warke, ya daina. Wani kuma yakan ƙi sha saboda ɗan kumburi ko jiri da yakan biyo bayan shan farko. Malamin da aka tura ƙauye yana da damar da ma'aikacin lafiya mai zuwa sau ɗaya a shekara ba shi da ita, domin yana tare da yaran kullum, iyayensu kuma suna jin maganarsa. Ya kamata ya bayyana rayuwar tsutsar cikin Hausa mai sauƙi, ya shigar da batun cikin insha'i da wasan kwaikwayo, ya tunatar da mai gari da limamai idan lokacin rabo ya yi, ya kuma tura ɗalibin da ya ga yana yawan susa zuwa asibiti, ba tare da ya bari 'yan ajinsu sun tsangwame shi ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ɗan ƙaramin ƙuda yake ɗaukar tsutsa daga wani mutum zuwa wani, da yadda 'ya'yanta suke lalata fata da ido. An kuma ga cewa magani yana nan kyauta, abin da ya rage shi ne naci, domin sannu ba ta hana zuwa. Garin da ya jure shekara goma sha biyar ya ceci idanun 'ya'yansa da jikokinsa.

8.0 Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance biyu tsakanin baƙin ƙuda da sauro.

2. Me ya sa ake shan ibamektin na tsawon shekaru maimakon sau ɗaya?

3. Tsara darasin minti 30 a kan makantar kogi domin 'yan aji biyar na firamare.