Hotunan Biki Sun Ƙi Buɗewa: Amsa Ga Mai Kyamara

Masu sauraro, wasiƙu sun taru gabana, agogo kuma ba ya jira. Ta farko daga wani mai ɗaukar hoto ce a Fagge. Ya ce ɗansa ya gina masa shafin intanet na jera hotunan biki, a kwamfutar gida yana aiki lafiya lau, amma da suka ɗora shi sai amare suka dame shi da kira, wai ya ƙi buɗewa.

Malam, kada ka ga laifin yaron, nauyin hotunan ne. Hoto guda daga kyamara yakan kai MB 4 ko fiye. Ka jera 200, ka ga MB 800 ke nan, datar baiwar Allah ta ƙare ba ta ko ga rawanin ango ba. A gida ba ku ji nauyin ba ne don hoton bai bi ta layin waya ba. Abin yi shi ne, duk hoton da aka ɗora, shafin ya fitar da ƙaramin kwafinsa, kamar KB 40, a tsarin WebP da Google ya fito da shi a 2010, kuma kada hoto ya sauko sai mai kallo ya gangaro kansa. Manyan a ajiye su a rumbu irin Amazon S3 ko Cloudinary. Na san za ka ce ingancin hoto shi ne sana'arka. Gaskiya ne, amma allon waya ɗan tafin hannu ne, ido ba zai bambance ba. Wadda ke son na asali don a wanke mata, ta danna maɓallin saukewa.

Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna. Hoton waya yakan ɗauki bayanan EXIF, har da inda aka ɗauke shi, wato gidan mutane. A goge su kafin ɗorawa. Hotunan kamu da lalle kuwa amana ce, a sa wa kowane biki kalmar sirri.

Wani daga Maraɗi yana tambaya, wajen gina shafi, Python ko PHP? Haba jama'a, kullum sai an tambaya. Wanda ka iya, shi ne naka.

Mai cewa Instagram ya isa wajen jera hotunan biki kuwa, ya isa don talla, amma yana matse hoto, kuma ƙa'idarsa kake bi. Bari mu ji saƙon talla, mu dawo kan wata tambaya game da rajistar sunan shafi na .ng.