Kuɗin Lardunan Rum da Tatsuniyoyin Girkawa

A wannan ɗan nazari ina so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wani rumbun adabi da ba mu cika dubawa ba, wato tsabar kuɗi.

Tun daga zamanin Sarki Agustas, wanda ya hau mulki a shekara ta 27 kafin Miladiyya, daular Rum ta ƙyale ɗaruruwan biranen gabas su riƙa buga ƙananan kuɗinsu na tagulla don cinikin kasuwa. A fuska ɗaya akan sa kan sarkin Rum. Ɗaya fuskar kuwa ta gari ce, kuma galibi da Girkanci ake rubutun. A nan kowane birni ke yi wa kansa kirari da tatsuniyar da ya gada. Afisa ta sa gunkin Artemis. Koranti ta sa Pegasus, dokin nan mai fukafukai. Abidos da Sestos, da ke kallon juna a mashigin ruwan Dardanelles, sun zana saurayi Liyanda yana ninƙaya da dare, budurwarsa Hero tana bisa hasumiya riƙe da fitila.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Iliyum, garin da ke kan kufan Taroy. Kuɗinsa na nuna jarumi Iniyas ɗauke da tsohon mahaifinsa suna gudun yaƙi. Rumawa sun yi imani daga zuriyar Iniyas suka fito, saboda haka zanen tamkar tuni ne ga mai mulki cewa ga gidan kakanninsa. Tatsuniyar ta yi musu rana: a shekara ta 53 Miladiyya, bayan jawabin da yarima Nero ya yi yana ambaton wannan dangantaka, Sarki Kalaudiyas ya yafe wa garin haraji. A ganina, mai nazarin adabin baka ya kamata ya tsaya a nan, domin labarin asali kan zama hujjar neman haƙƙi, kamar yadda masarautu ke kafa hujja da labarin kafuwarsu.

Ba duka ne na Girkawa zalla ba. Afamiya ta ƙasar Firijiya ta buga jirgin Annabi Nuhu, da sunansa a jiki cikin haruffan Girkanci.

Wajejen shekara ta 276 biranen Asiya Ƙarama sun daina buga nasu. Iskandariyya ta Masar ce ta jure har zuwa gyaran kuɗin da Sarki Diyokiletiyan ya yi a ƙarshen ƙarni na 3.