Darasin Kalma: Toshiyar Baki

Kalmar "toshiya" ta samo asali ne daga aikatau "toshe", wato rufe kafa don kada wani abu ya fita, kamar yadda ake toshe ramin ɓera ko bakin tulu. Idan aka ce "toshiyar baki", ana nufin kuɗi ko wani abin amfani da ake bai wa mutum domin ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana, ko ya kau da kai daga gaskiyar da ya sani. 'Yan'uwanta a ma'ana su ne "cin hanci" da "rashawa", wadda Hausa ta aro daga Larabci.

Ga yadda ake amfani da ita a jimla:

"An ba shaidan toshiyar baki, ya ce bai ga komai ba."
"Wakiliyar jam'iyyar ta ƙi karɓar toshiyar baki a rumfar zaɓe."

Ku lura da aikatau biyun nan, "bayarwa" da "karɓa". Toshiya ba ta tabbata sai da hannu biyu, kuma haka doka ta ɗauke ta. Sashe na 121 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa a laifi guda, ya kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun.

Sai dai ranar zaɓe ba wanda zai kira ta da sunanta. Za ku ji an ce "na goro", ko "kuɗin mota", ko "ɗan ihsani". Wani lokaci ma atamfa ce, ko sabulu, ko taliya. To yaya za ku bambance ta da kyauta? Ku nemi sharaɗi. Kyauta ba ta tambayar wanda za ku zaɓa. Duk abin da aka miƙo tare da nuna muku inda za ku dangwala yatsa, toshiya ce, kowane suna aka laƙaba mata.

Ƙuri'a ita ce bakin ɗan ƙasa. Taliya kan ƙare cikin kwana biyu, amma wa'adin wanda aka zaɓa shekara huɗu ne. Wanda ya karɓa, da wane baki zai tambayi ina ruwan sha, ina maganin asibiti?

Aikin nazari: Ku kawo wasu sunaye uku da ake sakaya toshiyar baki da su a unguwarku, sannan ku bayyana sharaɗin da ke ɓoye a bayan kowanne.